Yadda na fita daga auren duka tare da 'ya'yana

Duk shekarun da na yi ina shan duka a gidan aure, magana ɗaya ce ta hana ni fita. Da rigima ta tashi, baban yarana zai nuna mini ƙofa ya ce, “Ga hanya nan, amma ke kaɗai za ki fita. 'Ya'ya nawa ne.” Na yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, don ban taɓa jin wani ya musa ta ba. Na ga matan da aka saka suka fito da akwati kawai, aka bar yaransu a hannun kishiya ko kakar wajen uba. Sai na ɗauka haka shari'a ta ce. Ina rubuta wannan ne saboda na san akwai mata da yawa da wannan magana take riƙe da su a yanzu haka, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu abin da alƙali zai duba idan sun je gabansa.

Da farko ba duka ba ne. Binciken waya ne, da hana ni zuwa gida, da ƙirga mintocin da na yi idan na kai yaro asibiti. Ya hana ni ci gaba da aikin da nake yi kafin aure, ya ce ba ya son wahalata. Mari ya shigo bayan haihuwar fari, kuma ya yi kuka ya roƙe ni gafara. Daga baya aka daina kukan, aka daina ba da haƙuri, abin ya zama kamar wani haƙƙinsa. Na kai ƙara gida. Baba ya kira shi ya yi masa faɗa, ya durƙusa ya ce sharrin Shaiɗan ne, aka mayar da ni. Inna takan riƙe hannuna ta ce, “Ki yi haƙuri saboda yaran nan, mahaƙurci mawadaci.” Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Ita ma abin da ta sani ke nan, cewa in na fita an raba ni da su.

Ranar da abin ya canza, shaƙe ni ya yi. Ya danna ni jikin bango ya matse mini wuya har na daina gani, kuma babbar 'yata tana tsaye a bakin ƙofa tana ihu, “Abba ka bari, Abba ka bari.” Ihunta ne ya sa wani maƙwabcinmu ya bankaɗo ƙofar gidan ya shigo. Washegari muryata ba ta fita sosai, haɗiyar ruwa ma da ƙyar. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta ɗaga mini haɓa ta dubi wuyana, ta sallami wadda ta rako ni waje, ta ja labule. Ta ce, “Ƙanwata, shatin yatsu ne wannan. Zan rubuta abin da na gani yadda na gan shi. Ke kuma in kin yarda, ki faɗa mini wanda ya yi, in rubuta da bakinki.” Na faɗa. Ta sa likita ya duba ya sa hannu, ta ce in ɗauki hoton wuyan a ranar da kuma bayan kwana biyu, don shatin yakan ƙara fitowa. Ta kuma gaya mini a fili cewa namijin da ya kai ga shaƙe mace ya shiga wani mataki na daban, haɗarin kisa ya ƙaru sosai. Sannan ta rubuta mini lambar wani ofishin lauyoyi mata masu taimako kyauta a bayan katin asibitina, inda ba wanda zai lura.

Na daɗe ina kallon lambar nan. A tunanina lauya na masu kuɗi ne, kuma kai miji kotu abin kunya ne da zai bi 'ya'yana har girmansu. Yayana ne ya ce in shirya ya kai ni.

Lauyar da ta karɓe ni ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce in fita ba, ba ta ce in zauna ba. Ta bar ni na yi kuka na gama, ta miƙo mini ruwa, sannan ta jawo takarda ta ce, “To, yanzu mu fara daga farko. Yaushe ne karon farko? Wa ya gani? Kin je asibiti? Wa kika faɗa wa?” Ni ina ba da labari a dunƙule, yana dukana kullum, ya wulaƙanta ni, ita kuma tana warware shi ɗaya bayan ɗaya. Idan na ce na manta ranar, sai ta ce, “Kina da cikin wa a lokacin? Yaran suna hutu ko suna makaranta?” Da haka muka tsayar da lokuta. Ta ce mini, “Alƙali mutum ne, zai tausaya miki. Amma hukunci ba ya tsayuwa a kan tausayi, sai a kan abin da aka tabbatar. Aikina shi ne in mayar da abin da ya same ki ya zama hujja.”

Sai na yi mata tambayar da ta kawo ni. Na ce, “Barista, in na fita, da gaske ne zai ƙwace yaran?”

Ta ajiye biro. Ta ce a kotun da za mu je da fiƙihun Malikiyya ake hukunci, kuma a wannan mazhaba riƙon yara bayan rabuwa, wato haɗana, haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ta ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani daga kan kanta, littafin da nake gani a hannun ɗalibai tun ina yarinya, ta buɗe ta nuna mini wurin da yatsa. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kakar wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, kafin a zo kan dangin uba. Uba yana nan a matsayin waliyyi, shi ke da alhakin ci da sha da sutura da karatu da magani, yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da sa ido a tarbiyyarsu. Amma wannan daban, wurin da yaro zai kwana ya tashi daban. Ta karanta mini hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na matar da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya shayar da shi, cinyarta ta raine shi, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Ta kuma ba ni labarin da ke cikin Muwaɗɗa, na Sayyidina Umar da ɗansa Asim. Ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi suka je gaban Sayyidina Abubakar, aka ce ya bar mata shi, kuma Umar bai sake cewa uffan ba.

Ban san lokacin da na kifa kaina a kan teburinta ba. Umar guda aka ce ya saki yaro ya saki, ni kuwa na ƙare ƙuruciyata ina tsoron maganar da ba ta da tushe. Na yi karatun addini daidai gwargwado, na san hukuncin tsarki da na idda, an koya mini haƙƙin miji har na haddace. Babin haɗana kuwa ba wanda ya taɓa buɗe mana shi. Har yau wannan yana ci mini rai, kuma ina ganin malamanmu masu karantar da mata suna da aiki a gabansu.

Barista ta ce ba musulunci kaɗai ba, kotunan iyali a kusan duk duniya abin da suke sa a gaba shi ne maslahar yaro. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a ranar 20 ga Nuwamban 1989 ta faɗi haka a sashe na 3, sashe na 12 ya ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, sashe na 19 kuma ya ɗora wa hukuma kare shi daga cin zarafi ko da daga iyayensa ne. Duk ƙasashen Majalisar sun tabbatar da ita in ban da Amurka. Ƙasashe da dama kuma sun yi dokoki na musamman da ke ba kotu ikon hana mai cin zarafi kusantar wadda yake cuta: Afirka ta Kudu a 1998, Indiya a 2005, Gana a 2007, Najeriya a 2015. Ta ja kunnena cewa kowace ƙasa da yadda take aiki da nata, wani lokaci ma jiha da jiha sun bambanta, don haka kada in ɗauki labarin wata in auna nawa da shi.

Kafin a shigar da ƙara sai da ta tsara mini yadda zan fita, domin ta ce lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari ga mace irina. Kada ya ji ko alama. In tattara takardun haihuwar yara, katin rigakafi, sakamakon makaranta, takardar aure, katin shaidata, in fitar da su kaɗan-kaɗan zuwa wurin Yaya. In tura hotunan wuyana da saƙonninsa na barazana zuwa wayar wani amintacce, sannan in goge alamar turawar. Akwai wani saƙo da ya taɓa aiko mini yana cewa in na sake kai ƙararsa gida sai dai a ɗauki gawata. Na sha niyyar goge shi saboda ganinsa yana tayar mini da hankali. Wannan saƙon ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojinmu.

Na fita da safe bayan ya tafi aiki, ni da yaran uku. Ba a jima ba ya je makaranta ya ɗauke manyan biyu kafin a tashi, ya kai su wurin mahaifiyarsa, ya aiko a gaya mini in ina son ganinsu in dawo ɗakina. Ba zan iya kwatanta daren nan ba. Na so in tafi in ɗauko su da ƙarfi, Yaya ma ya tashi zai tara mutane. Barista ta ce a waya, “Don Allah kada kowa ya je. Yana jira ne a yi rigima ya sami abin faɗa a kanki.” Da sassafe ta shigar da buƙatar gaggawa, ta roƙi kotu ta ba da umarnin wucin gadi a dawo da yaran hannuna har a gama shari'a. An ba da umarnin, ma'aikacin kotu ya kai masa sammaci, aka kawo mini su. Ƙaramin cikinsu ya maƙale a jikina, ko banɗaki zan shiga sai ya biyo ni.

Zaman kotu ya fi abin da na zata nauyi. Mutumin da na sani da ihu da zare ido ya zo cikin fararen kaya, murya ƙasa-ƙasa, yana “Allah ya gafarta Malam, ni ina son matata, ban san wanda ya zuga ta ba.” Ya ce ina da taɓin hankali, ya ce na fita ba da izininsa ba, ya ce ba ni da aikin yi don haka ba zan iya riƙe yara ba. Shi da ya hana ni aikin. Jikina ya ɗauki rawa, na buɗe baki zan katse shi, Barista ta dafa gwiwata ta ƙarƙashin tebur. Tun a ofis ta koya mini: in dubi alƙali, kada in dubi mijin, in amsa abin da aka tambaye ni kawai, in ban tuna ba in ce ban tuna ba, kada in ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya, domin ƙari ɗaya in aka kama shi zai rusa sauran. Da ta miƙe, ta ce wanda ya yi da'awar taɓin hankali shi zai kawo hujja, ya kawo takardar likita. Ba shi da ita. Game da rashin aiki kuwa, ta ce ciyar da yara a wuyan uba yake ko suna hannun wa, don haka talaucin uwa ba dalilin raba ta da su ba ne.

Alƙali ya nemi a fara gwada sulhu, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nawa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Kawuna ne ya tsaya mini. A nan ne aka kawo tayin da nake so kowace mace ta sani. Suka ce tunda ni nake son rabuwa, in yi khul'i: in mayar da sadaki, in kuma sa hannu na yafe riƙon yara, shi ke nan a sallame ni a ranar. Na gaji sosai, har na ji kamar in mayar da sadakin a wuce wurin. Barista ta ce kada in sa hannu a kan komai sai ta karanta. Ta bayyana mini cewa malaman Malikiyya sun halatta khul'i a kan mace ta sarayar da haɗana, saboda haka in na sa hannu sharaɗin zai iya hawa kaina. Ta ce khul'i na macen da ba a cuta ba ne, ta dai ƙi zaman. Wadda ake cuta kuwa tana da hanyarta daban, ta nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ba tare da ta biya komai ba. Risala ma ta ce macen da ta fanshi kanta saboda cutarwa za a mayar mata da abin da ta bayar, kuma rabuwar ta tabbata. Mata nawa ne suka sayar da kayan ɗakinsu suka biya wanda ya karya musu haƙarƙari, don ba a gaya musu wannan ba?

Sulhu yana da kyau a inda mutum biyu suka saɓa. Amma a inda ɗaya yake tsoron ɗaya, a zaunar da su ɗaki guda a ce su daidaita, wanda ake tsoro ne zai yi nasara. Ni na tsira ne don an yarda kada a haɗa mu wuri ɗaya, Kawu yana shiga yana fitowa, Barista tana gefena.

Saura shaidu. Duka a ɗaki ake yinsa, wa zai ce ya gani? Mutane da yawa da suka sha jin kukana suka ce ba sa shiga tsakanin miji da mata. Maƙwabcin da ya bankaɗo ƙofa ma da farko ya noƙe, har sai da mahaifiyarsa, tsohuwa mai yawan shekaru, ta ce masa, “Ka ga yarinyar nan a hannunsa da idonka. In ka ɓoye, me za ka ce wa Allah?” Ya zo ya faɗi abin da ya gani. Barista ta kuma yi amfani da wata ƙa'ida ta Malikiyya, cewa a batun cutar da mace ana karɓar shaidar ji, wato adalai su tsaya su ce sun daɗe suna jin maganar ta bazu a bakin maƙwabta. Aka haɗa da takardar asibiti, da hotuna, da saƙon nan na gawa, wanda aka karanta a fili a gabansa. Bai musa lambar wayarsa ba.

Abin da na fi tsoro shi ne a tsayar da 'yata a gaban ubanta. Barista ta roƙi kada a yi haka, alƙali ya gana da ita a ofishinsa tare da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Ban tambaye ta abin da ta faɗa ba, kuma an gargaɗe ni tun farko kada in koya mata magana ko in zagi ubanta a gabanta. Wannan ya yi mini wuya, amma daidai ne. Ubanta ne, kuma ita ba makami ba ce.

An ɗage zaman ya fi a ƙirga. Wata rana bai zo ba, wata rana lauyansa ba shi da lafiya, wata rana alƙali ya tafi taro. Ina ganin jan lokaci ma wata hanya ce ta gajiyar da mace har ta janye, kuma na ga waɗanda suka janye a kan bencin da muke jira. A ƙarshe aka raba auren saboda cutarwa, ban biya ko sisi ba. Aka ba ni riƙon yaran uku, aka yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, da kuɗin makaranta da na magani. Aka ce zai riƙa ganinsu a gidan Yaya a ranakun da aka ƙayyade, kuma kada ya zo inda nake zaune. Barista ta nace a rubuta komai dalla-dalla, rana da lokaci da wanda zai kai su, domin ta ce kalmar “duk lokacin da ya dace” ita ce ƙofar sabuwar fitina. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa in na yi wani aure zai iya komawa kotu, kuma a lokacin Inna ce ta farko a layi.

Na san na yi sa'a a wurare da dama. Na haɗu da ma'aikaciyar jinya mai kula, ina da ɗan'uwa da ya tsaya mini, na iya karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, galibi daga mijinta ko wanda take tare da shi. Lauyoyin da ke wannan aiki kyauta ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba. Teburin Barista kullum cike yake da fayil. Amma suna nan. Akwai ofisoshin taimakon shari'a na gwamnati a ƙasashe da yawa, akwai hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta duniya, FIDA, da aka kafa tun 1944 kuma take da rassa a ƙasashe da dama, akwai tsangayoyin koyon lauya da ɗalibai ke karɓar ƙorafi ƙarƙashin malamansu. Ba sai mace ta yanke shawarar fita ba kafin ta je ta yi tambaya, kuma abin da ta faɗa wa lauya sirri ne.

Yanzu na koma aiki, yaran suna makaranta. Babbar ta daina firgita cikin dare, ko da yake har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Kuɗin ciyarwa kuwa ya biya na watannin farko ya tsaya, wai kasuwa ba ta tafiya. Na koma wurin Barista, ta ce hukuncin kotu ba ya aiwatar da kansa, sai an bi shi. Mun shigar da buƙatar a tilasta masa biyan bashin da ya taru, an sa mana rana a wata mai zuwa. Na tattara rasit ɗin makaranta da na asibiti, da su zan je.